FILIN MASU MOTA: Kafin A Kwance Kan Inji, A Tabbata Gasket Ne

Duk wanda ya san Potiskum ya san gari ne na mota. Nan hanyar da ta taso daga Kano ta Azare take haɗuwa da wadda ta fito daga Bauchi ta Darazo, sa'an nan a miƙe zuwa Damaturu, tafiyar kilomita kusan 100, har Maiduguri. Ranar Laraba kuwa, da kasuwar shanu ke ci, motoci manya da ƙanana ba su ƙirguwa. To, da zarar bazara ta kama, daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi kan wuce digiri 40, sai ka riƙa ganin motoci a gefen hanya an ɗage bonet, tururi yana tashi. Da an kai mota gareji, hukuncin da akan yanke tun kafin a taɓa sifana shi ne, wai tof-gasket ya ƙone.

Wani lokaci gaskiya ne, wani lokaci kuwa zato ne kawai, alhali kwance kan inji aiki ne mai cin kuɗi da kwanaki. Don haka ya kamata mai mota ya san yadda ake tabbatarwa.

Shi gasket wani falle ne da ake shimfiɗawa tsakanin gangar inji da kansa, watau tof. Aikinsa ya raba abu uku kada su haɗu: wutar da ke ci a cikin silinda, da ruwan da ke sanyaya inji, da baƙin mai. Motoci da yawa, tun daga Peugeot 504 da aka harhaɗa a Kaduna har zuwa Golf 3 da ke jigila a yau, gangar injinsu ta baƙin ƙarfe ce, kan kuwa na alminiyam. Shi alminiyam in ya sha zafi yakan buɗe kusan ninki biyu na baƙin ƙarfe. Saboda haka in inji ya tafasa, kan yakan lanƙwashe, ya saki gasket, wuta ta sami hanya.

Ga alamun da za a duba. Na farko, ruwa yana raguwa a lagireto kullum, amma ba a ga inda yake ɗiga ba. Na biyu, farin hayaƙi mai kauri daga salansa wanda ba ya ɗaukewa ko inji ya ɗumama. Ɗan tururin safiya na lokacin hunturu ba ya cikin wannan lissafi. Na uku, baƙin mai ya koma kamar shayi da madara a jikin ma'auninsa. Na huɗu, a buɗe murfin lagireto tun inji yana sanyi, a tayar da mota: in kumfa tana ta ɓulɓulowa ba tsayawa, ko kuwa, in murfin a rufe yake, tiyon sama ya yi tauri nan da nan, to, iskar silinda ce ke shiga ruwa. Na biyar, inji yana rawa da safe, in an cire fulogi kuma a tarar ɗaya ya yi fes kamar an wanke shi.

Alama ɗaya ba ta isa shaida ba. Gani ya kori ji, sai a nemi bakanike ya yi awo. Akwai ma'aunin matsi da ake ɗaurawa a ramin fulogi. In silinda biyu maƙwabtan juna suka nuna rauni tare, galibi gasket ya tsage tsakaninsu. Akwai kuma wani shuɗin ruwa da ake ɗorawa a bakin lagireto, wanda kan juye rawaya in hayaƙin inji ya ratsa shi. Kuɗin awon nan bai kai komi ba in an gwada da na kwance inji a banza.

Har ila yau, ruwa ba ya tsami banza. Yawanci zafi ne ke ƙona gasket, shi zafin kuwa da mafarinsa: lagireto ya toshe, ko fanka ba ta juyawa, ko fanbel ya saki, ko famfon ruwa ya mutu, ko tamostat ya ƙi buɗewa, ko kuwa murfin lagireto ya lalace. Murfin nan da ake rainawa shi ke riƙe matsi, ya hana ruwa tafasa a digiri 100 sai wajen 120. Ruwan rijiya kuma yakan bar tsatsa da dasashi a hanyoyin ruwa, shi ya sa ruwan lagireto na kanti ya fi. Wanda ya sa sabon gasket bai gyara mafarin ba, ya kashe maciji ne bai sare kansa ba.

In ta tabbata sai an kwance, a ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a fuskar tof a auna lanƙwasarsa, a duba ko ya tsage, a kai shi a kankare in da bukata. Wajen ɗaurewa kuma a bi notuna bi-da-bi da sifana mai ma'auni, kada a dogara da ƙarfin damtse.

Direbobi kuwa, in allurar zafi ta doshi ja, a tsaya a kashe mota, ko da fasinja na gunaguni. Kada a buɗe murfin lagireto yana tafasa, ruwan yakan sale fuska. Kada kuma a kwarara ruwan sanyi cikin inji mai zafi, don yakan fasa tof. Jinkirin rabin sa'a a bakin hanya ya fi sayen inji.

Allah ya kiyaye hanya, amin. Sai mako mai zuwa.