Sanyin Jiki Lokacin Wuridi Ba Iska Ba Ce

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi tsokaci kan abin da ke cinye wa talaka kuɗi a banza.

Mutum ya zauna wuridi bayan Asuba, ko ya kishingiɗa da dawowa daga gona, sai ya ji sanyi ya ratsa shi. Nan da nan a ce iska ce, a kwashi kuɗin taki a kai wa boka. Haba jama'a!

Jikin ɗan Adam kamar murhu yake, motsi ke hura wutarsa. Zafinsa wajen digiri 37 ne. In ka natsu, tsoka ta saki, numfashi da bugun zuciya suka lafa, sai wutar ta ragu. Jijiyoyin jini na fata kuma su buɗe, ɗumi ya riƙa fita. Ga gumi na bushewa, ga siminti na zuƙe ɗumi ta ƙasa. Dama kuma gab da asuba zafin jiki ya fi sauka.

Maganinsa buzu da mayafi. In ka tashi ka ɗan taka, zai wuce.

Amma fa in sanyin ya zo da makyarkyata, ciwon kai da zafin jiki, musamman da damina, to zazzaɓin cizon sauro ake zato. A garzaya asibiti a auna jini, balle yara da masu juna biyu.

Allah Ya sa mu gane, amin.

Naka,
Manomi mai ɗan tireda.