Lambun Gida: Ruwan Farko Ba Damina Ba Ne

Sanin kowa ne cewa a duk shekara, da zarar hunturu ya ja jiki bazara ta kankama, farashin kayan miya kan soma hawa a kasuwannin ƙasar nan, kuma ba ya saukowa sai damina ta yi nisa. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Tumatir da tattasai da attaruhun da ake ci a Legas da Ibadan da Fatakwal, akasarinsu noman rani ne na Kadawa da Kura da Ɗanja da sauran wuraren ban-ruwa na Arewa, kuma kakarsu kan ƙare ne wajajen Afrilu zuwa Mayu, tun kafin na damina ya nuna. A wannan tsakanin ne kwandon da aka yi ta roƙon mai saye a Kwanar Gafan cikin Fabrairu yake zama abin rububi a kasuwar Mile 12. A shekarar 2024 abin ya wuce yadda aka saba, domin tsadar man fetur da ta biyo bayan janye tallafi a watan Mayun 2023 ta haɗu da ɓarnar ƙwari a gonaki, har Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta bayyana cewa hauhawar farashin abinci ta kai kashi 40.87 cikin 100 a watan Yuni.

Ba abin mamaki ba ne, ke nan, da aka ga magidanta da dama, har da 'yan kasuwa da ma'aikatan ofis waɗanda rabonsu da fartanya tun suna firamare, sun waiwayi ɗan filin da ke bayan ɗaki. Hukuma ma ta sa baki. A shekarar 2024 uwargidan shugaban ƙasa, Oluremi Tinubu, ta gudanar da gasar lambun gida ga matan ƙasar nan, da kyautar miliyoyin naira. Dattawa za su tuna cewa ba yau farau ba, domin shirin ciyar da ƙasa na OFN da gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar a 1976 ya yi irin wannan kira ga makarantu da barikoki da gidaje, aka yi ta shuka a bayan katanga na ɗan lokaci, daga bisani ciyawa ta karɓe wurin.

Abin da ke kashe irin wannan yunƙuri ba ƙyuya ba ce kaɗai. Yawancin masu fara lambu sukan yi asarar jarinsu ne tun a makonni ukun farko, saboda sun amince da ruwan farko. Hadari ya taso cikin Maris a Legas, ko cikin Afrilu a Abuja, ko a farkon Mayu a Zariya, ƙasa ta yi ƙamshi, maigida ya garzaya kasuwa ya sayo iri ya zuba duka. Iri ya tsiro gwanin sha'awa. Sai sama ta ɗauke ƙafa na kwana goma ko sha biyar, rana ta buɗe, tsiron da saiwarsa ba ta wuce tsawon ɗan yatsa ba ya ƙone ƙurmus. Daga nan sai a yanke hukuncin cewa ƙasar gidan ba ta da kyau, ko kuwa mai iri ya yi cuta, alhali kuwa an yi shuka ne a kan alkawarin da sama ba ta ɗauka ba.

Manoman karkara sun daɗe da rarrabe ruwan da ke kwantar da ƙura da ruwan shuka, shi ya sa dattijo kan tona ƙasa da hannu ya ga inda laima ta tsaya kafin ya ɗauko ƙwaryar iri. Masana ma sun sa wa abin awo. Wani masani mai suna Sivakumar, na cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai, ya fitar da ƙa'ida a 1988 wadda har yanzu ake amfani da ita a yankin Sahel: ba a cewa damina ta sauka sai an sami ruwa milimita 20 cikin kwana uku a jere, kuma ba a yi farin da ya wuce kwana bakwai ba cikin kwana talatin da suka biyo baya. Wanda ya lura zai ga cewa sharaɗi na biyu ba a sanin cikarsa sai bayan wata guda. Watau ko masanin kansa ba ya iya tabbatar da saukar damina a ranar da ruwan ya zuba.

Shekarun baya-bayan nan kuwa sun ƙara dagula lissafin. A 2022 ambaliya ta hallaka mutum fiye da 600 a faɗin ƙasa. A 2024, cikin Agusta, watan da aka sani da marka, sai ga fari ya kama wasu jihohin tsakiyar ƙasa har aka fita roƙon ruwa, ba a yi wata guda ba madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle ta mamaye Maiduguri a watan Satumba. A ƙarshen Mayun 2025, tun damina ba ta zauna ba, ruwan dare ɗaya ya ci rayuka fiye da 150 a Mokwa. Lambun bayan ɗaki ƙaramin abu ne a gaban waɗannan masifu, amma sama ɗaya ce take shayar da su duka, kuma tana iya hana shi kwana goma sha biyar, sannan ta zuba masa na wata guda cikin sa'a biyu.

Saboda haka wanda zai fara lambu a bazara wajibi ne ya ɗauki abin yadda yake ɗaukar kasuwancinsa, ya fara da tambayar ina jari yake. Jarin lambu kuwa ruwa ne, iri da taki duk bayansa suke. Lissafin mai sauƙi ne. Milimita ɗaya na ruwan sama a kan fili mai murabba'in mita ɗaya daidai yake da lita ɗaya. A lokacin zafi kayan lambu kan buƙaci kimanin milimita biyar zuwa bakwai a kullum, wanda ke nufin fangalin da bai wuce murabba'in mita goma ba zai sha lita hamsin zuwa saba'in, watau jarka biyu zuwa uku ta 'yan garuwa, kowace rana ta Allah. Duk wanda ke sayen ruwa ya ninka kuɗin jarka uku sau talatin, ya kwatanta da abin da yake bayarwa na ganye a cefanen wata, zai gane ko lambun nasa riba ne ko kuwa sha'awa ce kurum. A unguwannin da famfo ya daɗe da ƙafewa, sau da yawa sha'awa ce.

To, amma wannan lissafin yana da ɗaya fuskar. Rufin kwano mai murabba'in mita hamsin, idan aka yi masa ruwan milimita 20, zai zubar da lita dubu ta indararo. Ruwan farkon nan da ke yaudarar mai shuka, in da an tare shi a tanki ko a duro, ya isa ya riƙe wancan fangali mako biyu, kusan daidai tsawon farin da kan biyo baya. Ashe ruwan farko na tanki ne, iri sai ya jira. Kuɗin da ake saurin kashewa a kan irin ƙasashen waje da takin zamani, da an fara sa su a indararo da mazubi mai murfi, da lambuna da yawa sun ga watan Yuli. Murfin kuwa ba ado ba ne, domin duron da aka bari a buɗe gidan haihuwar sauro ne, kuma kuɗin maganin zazzaɓi guda kan cinye ribar alayyahun shekara.

Na biyu, ɗan kasuwa mai hankali ba ya zuba dukan kuɗinsa a mota ɗaya. Iri ma a kasa shi uku ko huɗu, a riƙa shukawa mako biyu-biyu. In kashin farko ya ƙone, na biyu yana nan a takarda. In duka suka yi, gida zai riƙa tsinka a hankali maimakon ganye ya taso gaba ɗaya ya tsufa a tsaye. A yi renon tsiro a cikin gwangwanaye ko tsohuwar roba a ƙarƙashin rumfa, inda kofi biyu na ruwa kan wadatar, a bar dashe sai damina ta tabbata. Masu zama a gidan haya a Agege ko Sabon Ibadan, inda tsakar gida siminti ce, buhun shinkafa da aka cika da ƙasa da ruɓaɓɓen kashin kaji ko na awaki, aka huda masa gindi, ya fi fangali amfani a irin wannan yanayi, domin ana iya jan sa zuwa inuwa ranar da rana ta yi tsanani, a kuma ɗora shi bisa bulo ranar da tsakar gida ta cika da ruwa. A rufe bakin ƙasar da busasshiyar ciyawa ko ɓuntun shinkafa don laima ta daɗe. Ɗanyen kashin kaji kuwa ƙona saiwa yake yi.

Sai kuma batun abin da za a shuka, kuma a nan ne aka fi yin kuskure. Tunda tsadar tumatir ce ta kora mutane lambu, kowa tumatir yake fara nema. Alhali kuwa dalilin da ya sa tumatir ke tsada a wannan lokaci shi ne dalilin da zai sa ya ƙi a bayan ɗaki. Idan zafin rana ya haura digiri 35, furensa kan zube ba tare da ya ɗaura 'ya'ya ba, kuma a watan Afrilu garuruwan Arewa da dama kan wuce digiri 40. In ya tsallake zafi ya shiga damina, cututtukan ganye da na saiwa na jiran sa, musamman a Kudu mai yawan laima. Ga kuma tsutsar nan da manoma ke kira sharon, wadda ɓarnarta ta sa gwamnatin Jihar Kaduna ta kafa dokar ta-ɓaci a kan tumatir a watan Mayun 2016, ta kuma sake ɓulla a shekarun 2023 da 2024. Abin da ya gagari manomin Kadawa, wanda ya gaji sana'ar kaka da kakanni, da wuya ya yi wa ɗan koyo sauƙi a shekararsa ta farko.

Ganyayen gida su ne suka san wannan yanayi. Alayyahu kan isa yanka cikin wata guda ko ƙasa da mako shida, lalo ma haka, kuma in an yanka sukan sake tofo. Kuɓewa tana son zafi, tana fara bayarwa cikin wata biyu, ta ci gaba makonni da dama muddin ana tsinka. Rama da yakuwa ba su da tsirfa. Zogale in ya kama ƙasa ya gama roƙon ruwa. A Kudu ga ugu da shuwaka, waɗanda laima ba ta dame su ba. Ta fuskar ciniki ma su ne suka fi dacewa, domin ganye shi ne kayan da ya fi saurin yaushi tsakanin gona da tukunya, kuma shi ne wanda uwargida ke buƙata kaɗan-kaɗan a kullum. Albasa da busasshen barkono, masu jure ajiya da doguwar tafiya, a bar wa kasuwa. Ba su cancanci ɗan wurin da ake da shi ba.

Akwai masu ganin cewa yaɗuwar lambunan gida zai taɓa cinikin 'yan gwari. Wannan tsoro ba shi da tushe. Buhu goma a tsakar gida ba zai ciyar da gidan mutum takwas da tumatir ba ko na wata ɗaya, kuma abin da ya faru a ƙarshen Fabrairun 2021, lokacin da ƙungiyar fataken abinci da dabbobi ta dakatar da kai kaya Kudu bayan rikicin kasuwar Shasha ta Ibadan, ya nuna cikin 'yan kwanaki yadda biranen Kudu suka dogara da motocin da ke tasowa daga nisan kilomita dubu. Wannan ne ma ya sa bai kamata hukuma ta ɗauki kiran a yi lambu a matsayin maganin tsadar abinci ba. Maganin yana ga tsaron manoma a gonakinsu, da gyaran hanyoyi da magudanan ban-ruwa, da rage asarar da tumatir ke yi a cikin kwandunan kaba kafin ya isa kasuwa. Lambun gida sassauci ne ga aljihun maigida a watanni ukun tsanani, kuma ko a hakan ya tsaya ya biya.

Inda hukuma za ta taimaka da gaske shi ne wajen labari. Hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, kan fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, mai ɗauke da lokacin da ake sa ran saukar ruwa da ɗaukewarsa da wuraren da ake fargabar fari, kuma ana fassara shi zuwa Hausa. Amma bikin ƙaddamarwa a Abuja ba ya kai labari ga mai buhu shida a Idi-Araba. Ya kamata gidajen rediyo su riƙa maimaita hasashen kowace jiha da na kowane mako tun daga Maris har Yuni, a kuma bayyana wa jama'a cewa hasashe ƙiyasi ne, mai iya gocewa da mako ɗaya ko biyu.

Su kuma 'yan kasuwa, akwai ciniki a nan wanda har yanzu ba a tsaya masa sosai ba. Yawancin ingantaccen iri ana ƙulla shi ne daidai buƙatar mai gona, alhali mai lambun gida cokali ɗaya yake nema, shi ya sa yake faɗawa hannun masu ƙulle-ƙullen leda da ba a san shekarar irinsu ba, kuma irin da ya kwana biyu a rumfa mai zafi ba ya tsirowa yadda ya kamata. Wanda ya shirya ƙananan ƙunshi masu ɗauke da suna da kwanan wata, ko ya yi renon dashen attaruhu da gauta ya fito da su kasuwa daidai lokacin da damina ta zauna, ko ya haɗa buhu da ƙasa da ruɓaɓɓen taki ya kai har ƙofar gida, zai sami masu saye a kowace unguwar ma'aikata. Sai dai dashen da za a sayar a Mayu tun cikin Maris ake zuba irinsa, a ƙarƙashin rumfa, da ruwan da aka tanada.