Lanho Biyu A Kan Gumi Ɗaya

Ranar 5 ga watan Disamba na shekarar 2023, gwamnatocin Nijar da Mali suka fitar da sanarwa ɗaya cewa sun soke yarjejeniyar haraji da ta haɗa kowaccensu da Faransa. Tamu tun 1965 aka sa mata hannu, zamanin Diori Hamani. Hujjar hukuma ita ce yarjejeniyar ta karkata gefe guda, tana jawo wa baitulmali asara mai yawa. Ba mu yi mata kuka ba: manyan kamfanonin Faransa sun daɗe suna shan inuwarta. Sai dai a inuwar nan akwai wani ɗan ƙasa da ke raɓe, wanda ba a tuna da shi ba ranar da aka sare itacen.

Muna nufin mai aikin kansa da ke karɓar kwangila daga waje: injiniya, mai fassara, likita, masanin kwamfuta, wanda iyalinsa ke Yamai ko Maraɗi amma wata uku yana Abijan, wata biyu yana Paris, wani lokaci ma bai bar ɗakinsa ba, ta intanet yake aika aikin. Ba shi da albashi, ba shi da ubangida, babu akawun da zai yanke masa komai a ƙarshen wata.

Mu ɗauki misali. A ce wani kamfani a Faransa ya ba shi aikin sefa miliyan 2. Dokar Faransa ta ce a riƙe kashi 25 cikin 100 na kuɗin da ake biyan baƙon da ba shi da ofis a ƙasar, muddin can aka yi aikin ko can aka mori amfaninsa. Da can yarjejeniyar 1965 ce ke raba gardama, ta faɗi ƙasar da ke da hakkin karɓa. Yanzu jika 500 za su tsaya a Paris tun kuɗin ba su kama hanya ba. In saura ya iso gida, kuma cinikin mutumin ya kai shi rukunin masu biyan harajin riba, ga kashi 30 cikin 100 na jiran sa a hukumar haraji ta ƙasa, DGI. Shin za a duba abin da aka riga aka yanke masa a can? Da wace takarda zai kafa hujja, kuma a gaban wa? Wannan tambaya ba ta ma'aikaci ɗaya ba ce da zai amsa yadda ya ga dama a bayan teburinsa.

Kada a ji mu a karkace. Ba cewa muke a yafe masu ba. Malamin makaranta da ma'aikacin asibiti ba su taɓa ganin albashinsu cikakke ba, ana cire harajin ITS tun kafin ya shiga hannunsu. Mai shago a Babbar Kasuwa ko Katako ya san patanti, ya san duwan, ya san TVA ta kashi 19 da ta fitar da jama'a kan titi a watan Maris na 2005. Ba adalci ba ne waɗannan su ɗauki kayan ƙasa su kaɗai, alhali wani na karɓar yuro da dalar Amurka, ƴaƴansa na karatu a nan, motarsa na bin kwaltar nan, sunansa kuwa babu shi a kowane littafi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi ke nan. Wanda gidansa da iyalinsa ke Nijar, bashin ƙasa na kansa.

Amma bashin sau ɗaya ake biyan sa. Mutumin da ya tabbata za a aske shi sau biyu ba zai kawo kansa wurin wanzami ba. Zai bar kuɗinsa a bankin Lome ko Dakar, ko ya bi da su ta hannun ɗan canji, baitulmalin da aka ce za a ceto ya tashi a tutar babu.

Abin mamaki, akwai kariyar da ke nan da ranta, mutane kaɗan ne suka san ta. A 2008 ƙungiyar UEMOA ta kafa ƙa'idar hana haraji biyu tsakanin ƙasashenta takwas. Mun fita daga CEDEAO a watan Janairu na 2025, amma muna cikin UEMOA. Saboda haka mai kwangila a Kwatano, Abijan, Bamako ko Wagadugu yana da dokar da zai dogara da ita, in ya san da ita, in kuma wanda ke gabansa a ofis ya yarda ya buɗe littafin. Najeriya, Gana, Libiya, Aljeriya da Saudiyya, inda dubban ƴan'uwanmu ke neman na kansu, wannan ƙa'ida ba ta kai gare su ba.

Mun san akwai masu kwaɗayin hanyar Eritriya, wadda ke karɓar kashi 2 cikin 100 daga kowane ɗan ƙasa da ke waje, ko ta Amurka da ke bin ɗanta da haraji duk inda yake zaune. Ba mu goyi bayan wannan ba. Birkilan da ya shekara goma a Tripoli yana aiko da kuɗin hatsi da na magani ya riga ya sauke nauyin da hukuma ta kasa ɗauka a ƙauyensu. Kuma lokacin da aka buɗe asusun tallafin ceton ƙasa a watan Oktoba na 2023, mazauna waje sun zuba nasu ba tare da an aika masu ɗan sanda ba. Dole a bambanta wanda ya ƙaura da wanda ke fita aiki ya komo.

Abin da muke nema daga Ministan Kuɗi ba ya cin ko dala. A fitar da takarda ɗaya, da Faransanci da Hausa da Zabarmanci, mai faɗin wane ne mazaunin Nijar a idon haraji, kwana nawa a waje ke fitar da mutum daga lissafin, da irin shaidar da DGI za ta karɓa. A rubuta cikin dokar kasafin kuɗi cewa abin da aka yanke wa ɗan ƙasa a waje za a cire shi daga abin da ake bin sa a gida, ko da yarjejeniya ko babu. Ƙasashe da dama haka suke yi bisa raɗin kansu. Sannan a ba ofisoshin jakadancinmu damar taimaka wa mutum ya sami lambar NIF ba sai ya sayi tikitin jirgi zuwa Yamai ba.