Haƙoran Gaba da Wushiryata

Wannan makon ba zancen kwastan zan yi ba, zancen baki ne.

Shekara uku da suka wuce babur ya kayar da ni a Duwala, haƙorana huɗu na sama suka tafi. Don gudun kashe kuɗi na je wurin wani mai haɗa haƙoran roba a bayan kasuwa. Kwana biyu ya ba ni su, farare tas, dogaye, sun turo leɓe waje. Da na shiga gida uwargida ta dube ni ta ce, "Alhaji, ina wushiryar?" Ya toshe ta. Wannan da sauƙi. In na ce "sisi" sai fito ya fita, masu sayayya suna danne dariya. Tsire ya gagare ni, goro sai da wuƙa, muƙamuƙi kuma kullum ciwo.

Daga baya na je wurin likitan haƙori na gaske. Ya nuna mini cewa haƙoran sama kan rufe na ƙasa da kamar milimita 2 ko 3, su kuma ɗan gota su ta gaba da kusan haka. In sun yi tsawo ko sun karkata, na ƙasa su riƙa dukansu, roba ta tsage ko dasashi ya yi rauni. Fiƙa ma da aikinta: in ka goce muƙamuƙi gefe, ita ke ɗaukar nauyi ta raba turame.

Bai gama su kai tsaye ba. A kan kaki ya fara jera su, ya sa mini, ya ce in furta "s", ya duba ko na sama da na ƙasa sun kusanci juna ba tare da karo ba. Sai ya ce in furta "f", wai bakin haƙori ya taɓa leɓen ƙasa. Nan muka yi dariya, don namu "f" na Hausa da leɓe biyu muke yin sa, dole na ari na Faransanci.

Ni dai shawarata, in za ka je, ka tafi da tsohon hotonka wanda kake murmushi. Kada ka biya cikon kuɗi sai ka gwada na kakin, ka yi magana, ka ciza, wani naka ya dube ka. Kuma kada ka zaɓi farin da ya fi na sauran haƙoranka, musamman mu masu cin goro.

Hoton aurenmu na kai masa. Ya mayar mini da wushiryar, ko da yake Hajiya ta ce ta asali ta ɗan fi faɗi.