Wasannin Waya: A Tantance Kafin a Hana

A Bwari, garin da hedikwatar JAMB da ta Makarantar Horar da Lauyoyi ta Najeriya suke, iyaye da dama na ɗaukar wasannin waya abokan gabar karatu. Wannan hukunci kuɗin goro ne, domin darajar wasa tana ga abin da yake nema daga mai yinsa. Dara ko ches a waya na koya wa yaro hangen abin da zai biyo bayan kowane motsi, ga shi tun 2015 JAMB ta mayar da jarrabawarta kan kwamfuta, sabawa da na'ura kuwa riba ce. Amma wasanni irin Candy Crush Saga, da ake saukewa kyauta, ribarsu na fitowa ne daga sayar da ƙarin dama, shi ya sa aka tsara su yadda ajiyewa za ta yi wuya. Masu neman a hana duka na kafa hujja da cewa a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya jarabar wasa cikin jerin cututtuka. Sai dai abin da ta nufa shi ne wasan da ya fi ƙarfin mutum har ya ɓata masa karatu ko sana'a. Iyaye, ku zaɓar wa yaranku wasa, ku kuma ƙayyade musu lokaci.