Wai Wasan Yara Ne?

Ran nan a zauren taro na ji wani malami da nake girmamawa yana cewa wasannin kwamfuta shirmen yara ne, kuma duk ɗalibin da suka cinye wa lokaci rago ne kurum. Aka yi ta tafi. Ni ban tafa ba, domin ni ne ragon, kuma na san abin da ya kama ni ya wuce shirme.

Ina aji biyu abokin ɗakina ya zo da akwatin Xbox da wani wasa wai shi Halo, wanda kamfanin Bungie na Amurka ya fitar a 2001. Labarin an kai shi can shekara ta 2552: wani soja mai koren sulke, Master Chief, yana gwabzawa da taron dangin halittun wasu duniyoyi, a bisa wata duniya mai siffar zobe. Na ce bari in ɗan taɓa. Kafin zango ya ƙare na gama na ɗaya, na bi na biyu na 2004, na haye na uku na 2007, na kuma faɗi jarrabawa biyu. Har yau ban gaya wa mahaifina gaskiyar dalili ba.

To, me ya riƙe ni? Kiɗa ne, 'yan'uwa, kiɗan Martin O'Donnell da Michael Salvatori. Da ka kunna sai muryoyin maza su taso a hankali, ba ganga ba goge, kamar masu ibada a tsohuwar majami'a. Can sai ganguna su shigo, manyan goge su biyo baya. Babbar dabarar kuwa ita ce an yanka kiɗan gunduwa-gunduwa, na'ura ce ke sako kowane yanki gwargwadon inda ka kai. Fili ya lafa, kiɗa ya lafa. Abokan gaba su ɓullo, ya zabura. Wato makaɗi ne yake biye da kai, kai kaɗai yake yi wa.

Yanzu Bahaushe ne zai ce bai san wannan ba? Ashe ba mu ne muke rubuta kundi a kan yadda Ɗan Anace yake zuga ɗan dambe har ya manta da ciwo ba? Ba mu ne muke koyar da yadda gangar noma take hana ƙato ɗaga kai daga kunya ba? Don me in kalangu ya yi wannan aiki mu ce adabi, in na'ura ta yi shi mu ce shirme?

Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar wasannin bidiyo cikin jerin cututtuka. A 2023 aka fara ba da lambar Grammy ta musamman ga kiɗan irin waɗannan wasanni. Likitoci sun yarda abin yana da haɗari, makaɗa sun yarda fasaha ce, mu kuwa muna nan muna tafi. Wannan raini yana ɓarna biyu: manazarci ba zai duba fasahar ba, ɗalibin da ya kamu kuma ba zai faɗa ba, don kada a yi masa dariya. Ni wata huɗu na yi ina ɓoyewa.

Saboda haka ina kira ga ƙungiyarmu ta shirya zama, a sa kiɗan nan a saurara, a feɗe shi kamar yadda muke feɗe waƙar maza, a gane inda ƙugiyar take. Wanda ya san tarko shi ke iya kauce masa.

Ni dai na daina wasan. Amma kiɗan yana nan cikin wayata, na kasa share shi. Allah ya sa mu dace, amin.