Cibiyar Binciken Cututtuka Ta Lafiya: An Samu Gini, Saura Masana

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa sayen injin casar shinkafa ya san cewa ranar da injin ya tsaya, kuma aka rasa makaniken da ya san cikinsa, to, jarin da aka zuba ya zama tarin ƙarfe. Wannan lissafin ne nake so attajiranmu su yi game da Cibiyar Gano Cututtuka Masu Yaɗuwa da Bincike da ke Lafiya, babban birnin Jihar Nasarawa, wadda aka soma ginawa zamanin Gwamna Umaru Tanko Al-Makura, gwamnatin Injiniya Abdullahi Sule kuma ta ƙarasa. Gini ya tsaya, an kuma sa na'urori. Abin da ba a iya shigowa da shi ta tashar Apapa shi ne masanin da ya yi digiri na biyu ko na uku a kan ƙwayoyin cuta, wanda hannunsa ya faɗa a ɗakin gwaje-gwaje.

Wataƙila mai karatu ya ce ina ruwan ɗan kasuwa da wannan, ai sha'anin likitoci ne. To, mu ɗauki zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a garin Lassa na ƙasar Barno cikin 1969, ya kuma ɓarke a Jos cikin 1970, har ya kashe likitar asibitin mishan Jeanette Troup. Ɓera ne ke yaɗa shi ta fitsari da kashinsa a kan abinci, ya kuma fi tsananta da rani, wato daidai lokacin da rumbuna da sito-sito suke cike, ana shanyar alabo da hatsi a bakin titi. Farkon ciwon bai da bambanci da zazzaɓin cizon sauro ko taifot, alhali maganin Ribavirin ya fi amfani idan an ba da shi cikin kwana 6 na farko. Shekaru da dama sai an kai jinin mara lafiya Irrua ta Jihar Edo ko Ikko kafin a tabbatar. Kowace rana da aka ɓata a hanya, ana ƙara yawan mutanen da za a killace, ciki har da 'yan dako da direbobi da masu jiran shago.

Masu kiwon kaji ba su manta da 2006 ba, shekarar da murar tsuntsaye ta ɓulla a wata gona da ke Jaji ta Jihar Kaduna, karo na farko da aka tabbatar da nau'in H5N1 a nahiyar Afirka. An hallaka kaji, mutane sun ƙaurace wa ƙwai da nama, har waɗanda cutar ba ta je gonakinsu ba sun tafka asara. Sai kuma riɗi, wanda Nasarawa ke cikin jihohin da suka yi fice wajen nomansa. Ƙasashen Turai sun sha tare riɗin Nijeriya a kan iyaka saboda ƙwayar cutar Salmonela. Wanda zai gwada buhu ya gano ta tun kafin a yi lodi, horonsa ɗaya ne da na mai gwada jinin mara lafiya.

Mun kuma ga ribar samun irin waɗannan masana. Lokacin da Patrick Sawyer ya sauka Ikko da cutar Ibola ranar 20 ga Yulin 2014, a ɗakin gwaje-gwajen Farfesa Sunday Omilabu aka gano ta cikin 'yan kwanaki, kuma ɗalibai da tsofaffin ɗaliban shirin horar da masu bin diddigin annoba, wanda aka kafa cikin 2008 tare da Jami'ar Ahmadu Bello Zariya da ta Ibadan, suna cikin waɗanda suka bi gida-gida. Mutum 20 suka kamu, 8 suka rasu, ranar 20 ga Oktoba aka ce ƙasa ta tsarkaka. A lissafta abin da rufe Ikko na wata 6 zai jawo wa fatake daga Kano zuwa Anacha.

A ilimin tattalin arziki, abin da kowa ke mora amma ba wanda ke biya kai tsaye, yakan rasa mai ɗaukar nauyinsa. Ga shi kuwa horon yana cin shekara 2 kafin a sami digiri na biyu, da aƙalla wasu 3 kafin na uku, da dala ake sayen sinadaran gwaji, kuma daren da aka ɗauke wuta ba dizal, samfuran da ke cikin firji sun lalace. Bayan wannan wahalar, sai Ingila ko Saudiyya su ɗauke mutumin. Wannan ita ce hujjar da ta fi ƙarfi a hannun masu cewa kada a zuba kuɗi, kuma ban raina ta ba. Amma a ganina, wanda aka horar a gida, a kan cutar da ke kashe danginsa, aka kuma ba shi kayan aiki, ya fi wuyar tafiya bisa ga wanda aka tura waje tun farko.

Lafiya tana da abin da garuruwa da yawa ba su da shi. Ga cibiyar, ga Jami'ar Tarayya da aka kafa cikin 2011, ga babban asibitin da aka sani da sunan Dalhatu Araf, duka a gari guda. Kamfanoni sun fara biyan harajin ilimi tun dokar 1993, kashi 2 cikin 100 na riba a lokacin, don haka suna da bakin tambayar nawa ne ke zuwa ga ɗalibin bincike, nawa ke tafiya ga bulo da siminti. Ƙungiyoyin dillalan riɗi da masu casar shinkafa da masu kaji kuma za su iya haɗa hannu su ɗauki nauyin ɗalibai 5 a kowace shekara, bisa yarjejeniya a rubuce cewa kowannensu zai yi wa cibiyar aiki na shekara 3 bayan ya gama, kuma za a riƙa gwada kayan 'yan ƙungiya da rangwame.